Shekarar da Abbanku Ya Daina Hawa Sama

Ranar Juma'ar da kuka taru a falo kuna shawarar gyaran gidan nan, ina kicin ina jin ku. Na ji Yayanku yana cewa a ɗora kwano a kan rufin kankaren, a toshe matakalar, bututun nan kuma a ba 'yan gwangwan, tunda shi ne ya jawo wa Abba zagi a unguwa. Ban tanka ba, domin akwai surukai a wurin, kuma ni bakina bai iya dogon bayani ba sai na riƙe biro. Kun taso kun tarar da ƙarshen zancen a bakin yaran layi, farkonsa kuwa yanzu ni kaɗai na rage da na sani. Shi ya sa na zauna zan rubuta muku shi, kafin magini ya zo.

An kawo ni gidan nan na Gyadi-Gyadi da akwatuna kamar kowace amarya, amma a ƙasan ɗaya daga ciki na ɓoye littattafan soyayya, irin waɗanda muke haya a shago mu karanta a bayan littafin makaranta. A cikinsu na koyi yadda miji yake: dogo, mai ƙamshin turare, mai mota, wanda idan ya buɗe baki sai mace ta nemi wurin zama. Sai ga ni da wani siririn mutum mai warin sinadarin asibiti, wanda yake tafiya aiki da ƙafa, ya wuni a ɗakin gwajin jini na babban asibitin koyarwa yana leƙen ƙwayoyin zazzaɓi a madubi. Bai iya hira ba. Idan na yi kwalliya sai ya ce sannu da aiki. Na yi kuka a ɓoye ba sau ɗaya ba, ina cewa marubuta sun yaudare ni. Sai wata rana bayan magariba muna tsakar gida, ya nuna mini wani tauraro ta tsakanin rassan darbejiya, ya ce da ni, kamar mai ba da rahoton gwaji:

"Hasken wancan ya baro gida tun ba a haifi kakanki ba. Yana ta tafiya bai tsaya ko'ina ba, sai yanzu da ya sauka a idonki."

Na karanta littattafai da yawa, ban taɓa samun saurayin da ya faɗi abin da ya kai wannan ba. Shi kuwa bai san ya faɗi komai ba, ya tashi ya tafi yin alwala.

Asalin abin, kafin aurenmu asibiti ya tura shi wani kwas a ƙasar waje. Ranar hutu abokansa suka tafi kasuwa, shi ya bi wata mota zuwa saman wani dutse inda aka gina wurin duban taurari. Ya sha ba ni labarin wurin har na haddace shi kamar na je. Gini ne fari mai rufi kamar ƙwarya a kife, idan rana ta faɗi sai rufin ya tsage a tsakiya a hankali, a ciki kuma akwai madubi mai faɗin tsakar gidanmu, yana fuskantar sama. Babu gari kusa, babu fitila, babu hayaƙi. Ya ce da ya fito waje ya ɗaga kai sai da ya dafa bango, don ya ji kamar zai faɗa sama. Da ya dawo gida, kowa na jiran tsarabar atamfa da agogo, sai ya kwance rigar sanyinsa ya fito da wani madubi mai kauri, girman faranti, mai ɗan zurfi a tsakiya. Kakarku Inna ta karɓa ta duba fuskarta, ta ga hancinta ya cika madubin.

"'Ya'yan mutane suna dawowa da rediyo," ta ce, "nawa ya dawo da madubin da ko kwalli ba za a iya sawa da shi ba."

A shekarar farko ta aurenmu ya haɗa shi. Ya sayi bututun roba irin na masu aikin famfo, ya sa madubin a gindinsa, wani mai walda a Unguwar Gano ya yi masa ƙafafu. Akwai abu guda da nake so ku lura da shi, domin daga nan duk matsalar ta taso. Irin wannan madubin hangen nesa ba ta gindinsa ake leƙawa ba. Bakin bututun yana kallon sama, amma wurin sa ido yana gefe, kusa da bakin. Mai dubawa sai ya tsaya a gefe ya sunkuyar da kai. Wanda ya hango shi daga ƙasa zai rantse ƙasa yake kallo, alhali idonsa yana can inda ko tsuntsu bai taɓa zuwa ba.

Tsakar gidanmu kun san ta, ƙunci gare ta, darbejiya ta cinye rabin samanta. Amma kakanku ya fara gina bene ya tsaya a rufin farko, ya bar matakala tana hawa zuwa fili. Nan ne Abbanku ya mayar wurin dubansa. Sai dai daga can ana ganin tsakar gidan maƙwabta, kuma a lokacin namiji ba ya hawa saman gida haka kawai. Ko magini ne, ko mai gyaran eriya, sai ya yi shela tukuna don mata su kimtsa. Abbanku bai taɓa wasa da wannan ba. Yana dawowa daga sallar magariba zai tsaya a gindin matakala ya ɗaga murya: "Salamu alaikum maƙwabta, za a hau sama." Sai ya jira. Za ka ji ƙarar silifa da kwanuka, yara mata suna dariya suna gudu. Daga nan sai muryar Yaya Laure, matar maƙwabcinmu Malam Sule mai motocin haya, ta tsallako katanga: "A hau lafiya Malam, a gaishe mana da taurari." Kafin a kira lisha ya sauko. Ni da Yaya Laure kuwa akwai wani wuri a katangar da bulo ɗaya ya faɗi, ta nan muke miƙa wa juna kwano. Ban taɓa yin dambu ban ɗiba mata ba, ita ma ba ta taɓa yin waina ta manta da ni ba. Da aka haifi Yayanku ita ta yi mini wankan jego.

Shekarar da nake ba ku labari, Yayanku ya shiga firamare, ƙanwarsa Hauwa tana goye. Damina ta ɗauke, sama ta wanku tas. Malam Sule yana shirin aurar da babbar 'yarsa Saude, har ya sayi sabon janareta saboda biki. Ranar da za a kawo lefe, gab da magariba aka ɗauke wuta. Duk unguwa aka yi tsaki, Abbanku kaɗai ya yi murmushi, don shi a wurinsa ɗauke wuta kyauta ce. Ya dawo daga masallaci da sauri saboda tauraruwar nan Zara ta yi ƙasa a yamma, yana so ya same ta kafin ta faɗa bayan gidaje. Ya tsaya a gindin matakala ya yi shelarsa. Ni shaida ce, ina tsugune ina hura gawayi, na ji da kunnena, Inna ma ta ji. Amma daidai lokacin aka tayar da janaretan a gidan Malam Sule, ƙararsa ta haɗiye muryar. Abbanku ya jira kamar yadda ya saba, bai ji amsa ba, ya ɗauka ƙarar ce ta hana shi jin amsar. Ya hau.

A can gidan kuwa tsakar gida cike take da mata, an kunna ƙwan lantarki, an buɗe akwatuna, 'yan mata sun yar da mayafai, Saude ta fito daga ɗaki kanta a tsefe. Wata gwaggon ango ta ɗaga kai ta hango namiji a tsaye a sama, ya sunkuya ta ɓangarensu, ya manna ido a jikin wani abu. Ta ajiye turmin atamfar da ke hannunta, ta tambaya da ƙarfi ko a wannan gidan haka ake yi, a baje mata a tsakar gida maza suna kallo daga sama. Aka watse da gudu. Dangin ango suka tafi ba su ko sha lemo ba. Abbanku bai san abin da ake ciki ba, ya sauko yana murna yana ce mini Zara ta fara ramewa.

Kafin hantsin washegari ya sami sabon suna: Malam Leƙe. Wani ya rubuta shi da gawayi a bangonmu. Abin da ya fi muni, sai aka haɗa bututun da aikinsa. Aka ce ai injin asibiti ne ya ɗauko, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, wai yana ratsa katanga, yana ratsa zane. Mata suka riƙa lissafin shekarun da ya yi yana hawa. Matan da a da suke aiko masa da sakamakon gwaji ya duba musu, suka koma idan sun je asibiti suka gan shi sai su ce a ba su wani ya ɗebi jininsu. A masallaci sai ya ga an bar tazara tsakanin kafaɗarsa da ta na kusa da shi. Mutumin da bai mallaki mota ba, bai mallaki gona ba, abin da ya tara a duniya shi ne mutane su ce Malam mutumin kirki ne, a dare ɗaya aka ƙwace masa.

Mai unguwa ya kira zama a zaurensa. Ni ban je ba, amma Inna ta saɓa mayafi ta shiga wurin matar mai unguwa ta zauna a bayan ƙofar zaure, ta kwaso mini komai. Abbanku ya tafi da bututun a kafaɗa, yara suna binsa. Ya kafa shi a ƙofar zaure, ya yi bayani, ya roƙi Malam Sule ya sa ido ya gani da kansa. Malam Sule ya ce shi ba zai sa idonsa a abin da aka kalli 'yarsa da shi ba. Kada ku ɗauke shi mugu. Mutum ne da aka kunyata a gaban surukai, auren 'yarsa yana rawa, kuma duk wanda ya zo yi masa jaje sai ya ƙara masa wuta. Ya ce ko dai a fasa abin a gaban jama'a, ko su haɗu a kotu. Mai unguwa ya ce a ƙara tsawon katanga, wani dattijo ya ce me katanga za ta yi wa abin da ke ratsa ƙashi. Inna ta ce nan ne Abbanku ya ɗago kai ya ce:

"Ba zan fasa shi ba, don bai yi laifi ba. Ni ma ban yi ba. Amma tunda hawana ne ya hana maƙwabcina barci, ƙafata ba za ta sake taka saman nan ba, sai ranar da Malam Sule ya ce da bakinsa in hau."

Inna ta dawo tana faɗa tun daga soro. Ta ce da ma rantsuwa ya yi, da sai a yi kaffara a huta, amma ita ta san abin da ta haifa, maganarsa ba ta da kaffara.

A daren nan na roƙe shi mu tashi. Yana da ɗan fili a Darmanawa, lokacin wurin gonaki ne, babu fitilu, babu maƙwabci da zai ce an kalle shi. A littattafaina haka masoya suke yi, idan gari ya juya musu baya sai su tattara su tafi inda ba a san su ba. Har na tsara a raina yadda zan shuka fulawa a gindin matakalar sabon gidan. Ya saurare ni har na gama, ya ce idan muka tashi mun sa hannu ke nan a kan abin da aka ce, kuma yaransa za su girma a matsayin 'ya'yan mutumin da aka kora. Inna da ke jin mu daga ɗakinta ta ƙara da cewa ita daga ɗakin da mijinta ya bar ta sai makabarta. Aka rufe zancen Darmanawa. Ya gwada fita da bututun bayan gari a tasi, 'yan sintiri suka tare shi a hanya suka ce igwa ce ya ɗauko, sai da ya kwance shi gaba ɗaya a bakin titi. Bai sake ba.

Ya jingine bututun a ƙarƙashin matakala ya rufe shi da tsohon zanen gado. Amma ƙafarsa ba ta manta ba. Kullum ya dawo daga magariba sai in ga ya nufi gindin matakalar, ya tsaya, sannan ya zauna a matakin farko ya zuba hannuwa a gwiwa har a kira lisha. Ba ya ƙorafi. Abinci ne ya riƙa dawowa da saura, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wata rana na ji yana magana shi kaɗai, yana cewa yanzu Zara ta kusa zama lauje, nan da ɗan lokaci za ta ɓace a hasken rana. Ya faɗi haka kamar mai zancen 'yar'uwar da za ta yi tafiya ba su yi sallama ba.

Na miƙa wa Inna Hauwa, na ɗaura mayafi a ƙugu, na yaye zanen gadon. Inna ta tambaye ni ina zan kai shi, na ce sama. Ta ce matar aure a saman gida kamar akuya, me za a ce. Na ce an riga an ce duk abin da za a ce. Na hau da ƙafafun, na dawo na rungumi bututun kamar jariri. Abbanku bai hana ni ba, bai kuma taimaka mini ba sai iya matakin farko. Kafin in ƙarasa na tuna da shela, na tsaya na ce: "Salamu alaikum, za a hau sama, amma mace ce." Babu wanda ya amsa. Ramin katangar nan tun ranar lefe aka toshe shi da tsumma.

Ranar farko ban ga komai ba sai duhu da gashin idona. Yana ƙasa yana cewa in ɗaga kaɗan, in karkata dama, in daina riƙe shi kamar taɓarya. Na sauko ina hawaye. Rana ta biyu ma haka. Sai a wata magariba, ina juya shi a hankali, wani haske ya gifta, na dawo da shi, ya tsaya. Na san Zara tun ina yarinya, ɗigon haske ce da muke cewa matar wata. Ban taɓa sanin tana da siffa ba. Ga ta siririya, a lanƙwashe, fara sol, tana ɗan rawa kamar a cikin ruwa, sak jinjirin wata amma ƙarama.

"Na gan ta," na ce.

"Yaya take?"

"Kamar amarya ce ta ɗan yaye gefen mayafi tana leƙen wanda ya shigo."

"Ki bar amarya tukuna. Rabi ce ko lauje?"

"Lauje. Ashe har kamannin wata ta ɗauko, matar kirki."

Na ji ya yi dariya, ta farko tun ranar zaman mai unguwa. Da na sauko ya ce in zauna ya faɗa mini wani abu. Ya ce a can saman dutsen da ya je, manyan masanan ba sa sa ido a madubin ko kaɗan. Suna zaune ne a wani ɗaki a ƙasa da shayinsu, na'ura ce a sama take gani ta aiko musu. Ya ce saboda haka Malam Sule ƙarin girma ya yi masa, ya mayar da shi farfesa, sai dai shi na'urarsa ta fi tasu surutu.

Haka muka koma. Shi a matakin farko, ni a sama, tsakanin magariba da lisha. Na ga tauraron Mushtari da 'yan watanninsa a jere kamar uba da yara za su tafi idi, gobe in duba in ga sun sauya wuri. Na ga Zuhal da zobensa, na rantse masa wani ne ya zana ya manna a bakin bututun don ya yaudare ni. Shi kuma yana biyana da abin da ya ji a rediyo ko ya karanta a mujallun da wani likita yake ba shi. Ya ce an gano wasu taurarin ma suna da duniyoyi da ke zagaye su. Ya ce an harba madubi can sama da gajimare yana shawagi yana aiko da hotuna. Ya ce taurari garke-garke ne, kuma garkunan suna ta nisantar juna tun farkon halitta. Wannan ya hana ni barci, na ce to ba mai komawa wurin wani ke nan? Ya ce shi dai yana nan a gindin matakala. Ban san lokacin da na daina zuwa shagon hayar littattafai ba. Mai shagon ya aiko yana tambaya ko lafiya.

Ba kyauta muka samu wannan ba. Aka ce matar Malam Leƙe ta gaji mijinta. Aka ce iska ce take kirana sama. An yi bukukuwa a layin nan ba a aiko mini da goron gayyata ba. Mahaifiyata ta aiko daga cikin gari cewa in ji tsoron Allah in sauko. Kai kuma Yayansu, ka sha dawowa daga makaranta da riga a yage, in tambaye ka ka ce faɗuwa ka yi. Na san ba faɗuwa ba ce. Na san tun lokacin ka tsani bututun nan, kuma ban ga laifinka ba.

Auren Saude dai an ɗaura shi. Bayan biki da 'yan watanni, wata magariba sai ga Yaya Laure ta shigo wai ta zo aron rariya. Abbanku ya tashi ya koma soro. Ta tsaya tana kallon matakala, ta cire takalmi ta biyo ni. Ta ce in juya mata shi ya kalli tsakar gidanta. Na kwantar da bakinsa daidai igiyar shanyarta. Ta sa ido ta daɗe, ta ce ba ta ga komai ba sai hazo kamar an shafa koko a gilashi. Na ce haka yake, ba ya ganin abin da ke kusa, an yi shi ne don na nesa. Sai na ɗaga mata shi zuwa ga wata, ranar nan watan yana rabi. Ta ga ramukan da ke fuskarsa, ta ɗago ta dube ni, ta sake sunkuyawa.

"Ashe shi ma ya yi agana," ta ce a hankali. Can kuma ta ce, "Mun ɗauki alhakin bawan Allah."

Ta gaya wa mijinta. Ya ce ya riga ya yi magana a gaban maza, ba zai koma ya lashe ta ba saboda mata sun hau sama sun ga hazo. Amma washegari na tarar an cire tsumman ramin katanga, an ajiye kwanon waina. Da na yi shelata da magariba, muryarta ta tsallako, ƙasa-ƙasa, tana cewa a gaishe da taurari.

Na ɗauka wata ɗaya ko biyu Malam Sule zai huce. Shekaru suka yi ta wucewa. Suna gaisawa a masallaci, ya zo ta'aziyyar Inna ya zauna kwana uku, amma kalmar nan guda bai furta ba, Abbanku kuma bai roƙa ba. Gidaje suka yi tsawo, fitilu suka yi yawa, ƙananan taurarin da nake gani a da suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Ciwon suga ya kama Abbanku, ya gangara idonsa. Ya bar aikin madubin asibiti kafin lokacin ritayarsa, don ya ce ba zai rubuta wa mutum sakamakon da bai tabbatar ba. Ya kai sai na riƙe masa hannu zuwa ƙofar masallaci.

Shekarar da Malam Sule ya sami kujerar Makka, ya bi gida-gida yana neman gafara kamar yadda maniyyata suke yi. Babu ɗayanku a gida, Yayanku yana wurin aiki a kudu, sauran kuna makaranta. Ya zo namu a ƙarshe, da la'asar sakaliya, shi ma ya tsufa yana dogara sanda. Ina bayan ƙofar soro. Sun daɗe suna zancen farashin mai da ciwon gwiwa. Sannan ya ce ya jima da sanin gaskiya, girman kai ne ya riƙe masa harshe, kuma ba ya so ya tsaya a gaban Ka'aba da wannan a wuyansa. Abbanku ya ce ya yafe tun ranar da abin ya faru.

"To ka hau, Malam."

"A zaure ka hana ni a gaban jama'a," Abbanku ya ce yana murmushi, "a soro kuma za ka sake ni ni kaɗai?"

Aka kira magariba. Suka tafi masallaci tare. Da aka idar, mutane suna fitowa, sai ya tsaya a tsakiyar layi, ya jingina da sandarsa, ya ɗaga muryar da ya saba kiran fasinja da ita a tasha:

"Salamu alaikum maƙwabta, za a hau sama. Malam ne zai hau. Ni Sule na ce ya hau, kuma abin da na faɗa a kansa a da ba gaskiya ba ne."

Yawancin waɗanda suka ji ba su ma san zancen ba, sababbin zuwa ne, ɗaliban asibiti da masu adaidaita sahu. Tsofaffin da suka sani suka sunkuyar da kai. Wankewa ba ta yawo kamar yadda zargi yake yi, shi ya sa ba ta iso kunnenku ba, Abbanku kuma ba mai ba da labarin kansa ba ne.

Ya hau yana dafe da kafaɗata, mataki-mataki. Da muka isa ya tsaya yana shaƙar iska. Ya shafa bututun tun daga baki har gindi, ya gane inda na ɗaure tsagewa da tsumman atamfa, ya ce aikin mata. Allah ya sa Zara tana yamma a lokacin. Na saita masa ita, na kama kansa na kai idonsa wurin. Ya daɗe a sunkuye. Ya sauya ido, ya goge shi da hannun riga, ya sake gwadawa.

"Ita ce?"

"Ita ce."

"Ina ganin haske, kamar fitila a bayan labule."

Ya miƙe a hankali, ya laluba ya zauna a kan kankaren, ya jingina da ƙafar bututun, ya ɗaga fuskarsa sama. Ban ga baƙin ciki a fuskar ba. Ya ce, "Zo ki faɗa mini. Amma yau ki sa amaryar, na fi gane ta." Na sunkuya na faɗa masa, har aka kira lisha, kuma a karo na farko ba sai na ɗaga murya ba.

Gidan naku ne yanzu, ku gyara shi yadda kuka ga dama, ni ma na gaji da tarar yoyo da bokiti. Amma ku bar mini matakalar, ku bar gefen yamma a buɗe. Bututun kuma ba na sayarwa ba ne. 'Yar wajen Hauwa ta fara tambayata mene ne a ƙarƙashin zanen gadon, na ce ta bari gwiwata ta ɗan yi sauƙi. Ranar da za mu hau, kai Yayansu nake so ka ɗauka mana shi, ka tsaya a gindin matakala ka yi shelar da muryarka, yadda duk layin zai ji ɗan wane ne.